Rigar Cikin da Yaya Gannan Ta Bari Ba Ƙulli

Ranar tara ga watan sha ɗaya na wannan shekara da lissafinmu ke kira ta Zomo, da hantsi, ina tsugune a gindin randunan tsakar gida ina fasa ƙanƙarar da ta daskare a bakin kabejin gishiri, sai na ji muryar ɗanki Manbok daga saman rufin gidanku. Ya hau da tsohuwar rigarki a hannu, yana kaɗa ta wajen arewa, yana kiran suna. Da farko ban gane ko wa yake kira ba, domin a garin nan namu na Galmae babu mai ce miki Pyo Gannan. 'Yar Hongsan kowa ya sani, da sunan garinku, ni kuwa Yaya nake ce miki tun ranar da aka kawo ni aure. Sai da ya kira na uku na gane kiran da ake yi wa wanda ya cika ne, na zauna daɓas a cikin dusar ƙanƙara.

Ni ce ƙanwarki ta maƙwabtaka, uwar Okbun. An hana ni shiga gidanki, Yaya. Wai mai shirin aurar da 'ya ba ta taka gidan makoki, ba ta ganin gawa, ba ta bin makara. Haka aka yi miki wanka ban riƙe ƙwarya ba, aka suturta ki ban ɗaure ko igiya ɗaya ba, aka hau da ke tudu ina leƙe ta tsagar ƙofa kamar ɓarauniya. Shi ya sa yau na tsaya ta wajenmu, na ɗora miki ƙoƙon giyar shinkafa da busasshen kifi a kan katangar da ta raba gidajenmu, zan karanta miki abin da na rubuta da wannan rubutu nawa da kike cewa sawun kaza ne. Akwai yabo a ciki, akwai kuma magana. Ki ji duka, yau dai ba ki da bakin katse ni.

Maganar ita ce wannan, gara in faɗe ta tun yanzu in huta. Jibi za a ɗauki Okbun zuwa gidan miji. Rigar cikin da kika ɗinka mata ta amarci, ɗinkin matattu kika yi mata, kuma yarinyar ta riga ta sa ta a jikinta. Tun ranar da na gane haka ban ci abinci ya zauna mini ba.

Amma bari in fara da alherinki, don ya fi yawa, kuma shi ya riga zuwa.

Ina yarinya aka sauko da ni daga ƙauyukan kan duwatsu, inda ba mu san komai ba sai gawayi da dankali. Washegarin biki uwar mijina, Allah ya ji ƙanta, ta dire mini damin ɓawon moshi a gaba, tsiron nan da ake fitar da zaren saƙa daga jikinsa, ta ce a tsaga. Ban taɓa ganin ana tsaga zare da haƙori ba. Na yi ta ja, leɓena ya dare, harshena ya yanke, zaren da ya kamata ya fito fari fat ya fito da jini. Ina cikin kuka a bayan ɗaki sai na ga kan mace ya leƙo ta saman katangar nan.

“Ke 'Yar Dutse, tsagawa aka ce ki yi ko cinyewa? Ki rage mana mana, mu ma muna da iyali.”

Haushi ya kama ni, na ce, “Sannu, uwar iyawa. Ke a bakinki aka haife ki da shi?”

Kika yi dariya har kina riƙe katanga. Daga nan kika zagayo, kika buɗe baki kika nuna mini tsagar da zare ya yi a haƙorinki na gaba, kika ce kafin tawa ta fito sai na zubar da jinin da zai cika ƙoƙo, saboda haka in daina ɓarnar hawaye. Ke kika nuna mini yadda ake jiƙa bakin zare da yawu a murza shi a kan gwiwa ya haɗe da ɗan'uwansa. Ke kika shigar da ni ramin saƙa a tsakiyar bazara, muka rufe ƙofa muna zufa kamar ana dafa mu, don moshi ba ya son busasshiyar iska, yana jin ta zai tsinke. Da uwar mijina ta ga turmin farko da na saƙa ta yatsina fuska, ke kika ɗauke shi kika sa a cikin naki zuwa kasuwar Hansan, kika dawo kina faɗa da ƙarfi yadda duk unguwa za ta ji wai nawa aka fara saye. Na san ƙarya kika yi. Ban taɓa gode miki ba, ke ma ba ki taɓa amsa laifin ba.

A ɗinki kuwa, kowa ya san rigar ciki ce abin alfaharinki, abin da wasu matan ke bar wa 'yan koyo. Riga ce da ba ta da shafi, ba ta da ado, 'yan ƙyallaye ne kawai, gaba da baya da hannuwa biyu. Amma sai ki lanƙwasa bakin yadin ki ɗinke, ki datse, ki sake lanƙwasawa ki ɗinke, har layin ya koma siriri, mutum ya wuni da ita a gona bai ji ta cije shi ba. Kina cewa rigar waje maƙwabta ake yi wa, ta ciki kuwa fata ce alƙalinta, ita kuma ba ta karɓar ban-haƙuri. Na sha kawo miki tawa ina taƙama, ki juya cikinta waje, ki shafa da babban yatsa, ki miƙo mini ba ki ce uffan ba. Wannan shirun naki ya fi zagi ciwo, ki sani.

Ban manta da matar nan mai tallan jatan-lande ba, wadda ta faɗi a gindin babbar bishiyar bakin gari a shekarar ambaliya. Ba wanda ya san sunanta, ba wanda ya san garinsu. Maza suka ce a naɗe ta a tabarma a kai bayan tudu. Kika tsaya a gabansu kika ce matar da ta sha kawo mana abin miya har ƙofar gida ba za ta je wa kakanninta a tabarma ba. Kika fito da yadin nan mai kaushi da kika ajiye wa kanki, kika kira ni, muka zauna. A ranar na fara ɗinka wa mamaci. Na zura zare, hannuna ya tafi zai ƙulla bakinsa yadda ya saba, sai na ji ɗau a bayan hannu.

“Ɗaure ta za ki yi a garin nan? Mai tafiya ba a ƙulla masa zare. Allura kuma ba ta komawa baya, kada ya waiwayo. Gaba kawai, ki bar wutsiyar a sake.”

Tun daga ranar ba a yi mutuwa a Galmae ba tare da mu biyu mun zauna gwiwa da gwiwa ba. Ba ki taɓa tambayar gidan mai hali ne ko na talaka ba, kina jin kuka za ki ɗauki kwandon ɗinkinki.

Bana sai shekara ta zo da rarar wata, watan nan da ake cewa na sama sun kau da ido, duk abin da aka yi ba ya jawo tsiya. Tsofaffin garin nan da na ƙetaren rafi duk suka taso, kowa yana so a ɗinka masa kayan tafiyarsa tun yana raye, kuma kowa ya ce sai 'Yar Hongsan. Ba ki mayar da ko ɗaya ba. Daga fitowar rana har ta faɗi kina duƙe, wata guda cur, ɗinki ba ƙulli, ɗinki ba komawa baya. Kin tuna tsoho Gu da ya dage sai ya gwada wandonsa? Ya sa, ya ɗaga ƙafa, ya ce ya ɗan matse shi a cinya. Kika dube shi kika ce, “Baba, can ɗin da za ka, tsallen katanga ake yi?” Har matarsa sai da ta ƙware don dariya. Mun yi dariya a watan nan fiye da yadda ya dace da masu ɗinkin likkafani, amma a cikinsa idonki ya ƙarasa tafiya. Na lura kin daina duban ɗinki, kina kallon bango yatsunki na tafiya su kaɗai. Na lura matar Manbok ce ke zura miki zare a allura. Na yi magana, kika ce in ji da kumburin ƙafata.

Da aka sa ranar Okbun, ni na yi niyyar ɗinka mata rigar cikin amarci. Ai ko da tsakiyar hunturu ne sai amarya ta sa moshi a jikin fatarta, don ranta ya yi sanyi a gidan surukai, kada baƙin ciki ya dafa ta. Kika ji labari kika leƙo.

“Da wannan ɗinkin naki mai kama da shingen awaki za ki aika 'yata gidan mutane?”

Na ce, “Yaya, idonki.”

Kika ce, “Ido ne ya tsufa, 'Yar Dutse. Yatsu suna nan da ƙuruciyarsu.”

Kika ciro turmin ƙarshe da kika saƙa kafin ki bar masaƙa, wanda dillalai suka yi ta zarya a kansa kika hana. Gaskiya na ji daɗi. Da rigar ta haɗu kika aika a kira Okbun ta gwada. Ta dawo tana dariya tana rawar sanyi, ta ce, “Inna, kamar iska na sa, ba riga ba.” Ba a daɗe ba sai Manbok ya hau rufi.

Washegarin rasuwarki matar Manbok ta miƙo mini ɗan ƙunshi ta saman katanga, idonta a kumbure, ta ce gara ya bar gidan makoki. Na shiga ɗaki na kwance. Kin san halin mai ɗinki, ko kuka take yi sai ta juya cikin riga ta duba. Na shafa layin kafaɗa, na ji wutsiyar zare a sake. Na ce ƙila mantuwa ce. Na shafa gefen dama daga hammata zuwa ƙasa, babu ƙulli a farko, babu a ƙarshe, allura ba ta koma baya ko sau ɗaya ba. Na kama wutsiya ɗaya na ɗan ja, zaren ya biyo ni sumul. Na yar da rigar na ja da baya har na bugi akwati. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ban taɓa zaton zai kama hannu irin naki ba.

Uban Okbun ya shigo ya tarar da ni, na faɗa masa. Ya ce, “To mene ne? A haɗa da kayanta a ƙone, ki ɗinka wata.” Namiji ke nan. Na ce masa abin da aka ƙona wa mamaci ai hannunsa yake isa, kuma rigar nan ta sha ɗumin jikin 'yarka, da hannuna zan aika wa lahira ƙamshinta? Na koma katanga na kira matar Manbok. Baiwar Allah, ta rikice, ta ce ko a sa a cikin akwatin gawa tunda ba a rufe ba. Na yi mata tsawar da har yanzu nake jin kunyarta. A binne, an binne yarinya. A jefa a rafi, ruwa ya tafi da ita. A ɓoye a ƙasan akwati, likkafaninta na kwance yana jiran ta tun ba ta haihu ba. Duk inda na juya babu hanya. Ranar kuma ba ta ɗaguwa, mai duba ya riga ya zaɓa, dangin ango sun riga sun jiƙa shinkafar waina, kuma in suka ji wannan labari ban san ko za su karɓe ta ba.

Sai ga Okbun ta fara tari. Ƙila sanyin da ta sha ne wajen gwaji, kowa na tari a wannan wata. Amma duk lokacin da ta yi sai in tuna da rigar. Na dama kunun jan wake na yayyafa a bakin ƙofa da kusurwoyin gida, na watsa gishiri don korar sharri, duk da haka ina shiga ɗaki sai in ga kamar ƙunshin ya matsa daga inda na ajiye shi. Na ji tsoron ki, Yaya. Ban taɓa zaton zan faɗi haka ba, amma na ji tsoron ki. Na tuna yadda kike cewa Okbun taki ce, aro kawai kika ba ni, tunda Allah bai ba ki 'ya mace ba. Na ce a raina, ko dai ba kuskure ba ne? Ko kin ga tafiya ta zo, kin ƙi tafiya ke kaɗai?

Yarinyar ce ta same ni ina zaune na zuba wa ƙunshin ido. Ashe ta ji komai.

“Inna, ni fa ita zan sa.”

“Rufe mini baki, marar kunya. Kin san abin da kike faɗa?”

“Na sani. Ba ke kika ce ranar da aka haife ni ungozoma ba ta iso ba, Gwaggo 'Yar Hongsan ce ta ɗaure mini cibi da zaren moshi? Ƙullin farko a jikina ita ta yi shi. Wadda ta ɗaure ni a duniya ba za ta kwance ni ba. In ƙulli ne babu, ai ke ma kina da yatsu.”

Na ɗaga hannu zan make ta, hannun ya ƙi sauka. Ranar da aka hau da ke tudu, ina jin ƙararrawar mai jan makara tana nisa, na shimfiɗa rigar a bakin ƙofa inda haske yake, na fara bin layi ɗaya bayan ɗaya. Inda wutsiya ta isa, na ƙulla. Inda ta gaza, na sa sabon zare na bi ta kan naki ina mayar da allura baya, ina mayarwa, ina ƙullawa. Ina yi ina zagin ki a hankali. Na ce tsohuwa mai taurin kai, an ce miki ido ya tafi kin ƙi ji. Na ce shekara da shekaru kina duba ɗinkina kina yi mini shiru, yau ga naki a hannuna. Na gama kafaɗu, na gama wuya, na gama gefen dama, na jawo hannun hagu wanda ke naɗe a ciki tun ranar da na yar da rigar.

Abu ya soke ni a yatsa. Allurarki ce, tana nan a kafe a ƙarƙashin hammata, bakinta na duban baya. Na bi layin da ido. Daga bakin hannun har zuwa inda ta tsaya, an bi ta kan tsohon ɗinki da sabo, an koma baya, an koma baya, ɗinki a karkace, wani babba wani ƙarami. A farkonsa kuwa ga ƙulli kan ƙulli, dunƙule guda kamar ƙwayar wake, abin da ko 'yar koyo ta yi sai kin fasa mata hannu.

Na fita ba takalmi na jira matar Manbok ta sauko daga tudu. Na ce ta gaya mini yadda aka yi a safiyar nan, kada ta rage komai. Ta ce kina zaune a bakin ƙofa kina shan hantsi, rigar na kan cinyarki kina shafa ta, an gama, ninkewa kawai ya rage. Sai ta ji kin ce, “Wayyo ni, me na yi wa yarinyar nan!” Kika ce ta zura miki zare maza. Ta tambaye ki lafiya, kika ce ta tafi rijiya ta bar ki, kuma kada ta kuskura ta faɗa wa 'Yar Dutse. Ta ce ba ta gane abin da ya tayar miki da hankali ba sai daga baya, da ta gane kuma ta rasa yadda za ta yi da maganar da kika bar mata ta ƙarshe. Ta dawo da tulu ta tarar kin kifa kai a kan rigar.

Yaya, ki yafe mini abin da na zarge ki da shi a raina. Kin gane, kuma kin juyo da gudu za ki gyara, numfashi ne bai kai ki ba. Mutuwa rigar kowa ce, amma ke ta same ki kina ƙoƙarin cire wa 'yata ita. Na zare allurar na ci gaba daga inda kika tsaya. Wannan mummunan ƙulli naki ban taɓa shi ba, yana nan a bakin hannun hagu, zai ɗan cije ta, ta haƙura.

Manbok, ina yi maka ta'aziyya ta bayan katanga tunda ba ni da ikon zuwa in durƙusa a gabanka. Uwarka ta suturta rabin mutanen da ke kwance a tudun nan, ba za ta rasa masu tarbar ta ba. Matar Manbok, ke kika zama idonta a watannin ƙarshe ba ki taɓa tona mata asiri ba, Allah ya ba ki surukar da za ta yi miki haka, ki kuma yafe mini tsawar da na yi miki. Jikokinta da 'yan'uwanta na Hongsan da duk matan Galmae da suka koyi murza zare a gefen gwiwarta, Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Ke kuma Yaya Gannan, Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa ƙasa ta yi miki sauƙi. Allah ya haskaka miki hanya, ya mayar miki da idonki a can, ya sada ki da iyayenki cikin salama. Ya sa alherin da kika yi wa baƙuwar da ba ki san sunanta ba ya riga ki isa.

Saura roƙo ɗaya. Jibi mazan da suka ɗauki makararki su ne za su ɗauki kujerar amarya a kafaɗa, kuma hanyar ƙetaren rafi, inda gidan ango yake, ta gindin tudunki ta bi, babu wata. Tarin bai gama sakin ta ba. Na bi rigar nan da ido, na bi ta da yatsa, na sake bi har yadin ya fara laushi, na ƙulla duk wutsiyar da na samu. Amma ɗinkinki siriri ne, kin sani, kuma kin iya ɓoye bakin zare yadda ban taɓa iyawa ba. In akwai wanda ya kuɓuce mini, ke kin san inda yake. Idan sun zo wucewa ki dube ta, ki sa mata albarka, ki bar ta ta wuce. Don Allah, Yaya, kada ki ja zaren.